Bazarar da Aka Sa wa Lawali Tiyo a Hanci

Zafin bana ya shigo tun azumi bai fita ba. Randa ta daina sanyaya ruwa, awaki suka koma gindin katanga suna haki. A cikin wannan zafin aka yi wa jikata Balki aiki a likita, asibitin garinmu Dakoro, aka ciro mata ɗa namiji. Da aka turo ta daga ɗakin aiki, ga siririn tiyo a hancinta, ga wata na'ura kamar ƙaramin akwati a gefen gado tana gurnani. Uwar mijinta, Hajiya Indo, tana ganin tiyon ta ɗora hannu a ka.

"An sa mata iska," ta ce. "Shi ke nan kuma."

Na ce, "Hajiya, sauke hannunki. Ba a yi mutuwa ba, kada ki ƙarar da hawayenki a banza."

Ta dube ni kamar na zage ta. Ba ta san na taɓa zaman jinyar mai tiyo ba, tun uwar Balki tana goye a bayana.

Waccan shekarar, damina ta ɗauke gero yana cikin fitar da kai. Zangarniya ta tsaya fayau, ka murza ta a tafin hannu ka hure, ba abin da zai saura. Abin da muka kai rumbu bai kai mu ko ƙarshen sanyi ba. Da bazara ta kama, na shiga rumbun da tsintsiya na share ƙasansa, na sheƙe, na ware tsakuwa daga tsaba. Daga nan muka koma wa anza. Wanda bai ci anza ba bai san ɗaci ba. Mu mata mu fita tun da sanyin safiya mu tsinko 'ya'yanta, mu ɓare, mu jiƙa, mu zubar da ruwan, mu sake jiƙawa, har ɗacin ya rage yadda yaro zai iya haɗiyewa ba tare da ya mayar ba. Ruwan jiƙon ma sai an yi tafiya kafin a samo shi. Azumi ya zo ya same mu dama rabin cikinmu a wofi yake. Da rana ƙasa tana ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Tsuntsaye suna faɗowa bakin rijiya baki buɗe, a kore su su ƙi tashi. In an sha ruwa, fura ce tsararo wadda kake ganin gindin ƙwarya ta cikinta, sai anza da ɗan gishiri, in an dace da garin rogo.

Mijina mai gina rijiya ne, shi ne kuma mai yashe ta in ta ja baya. Sunansa Lawali. A baki ban saba kiransa da shi ba, amma da na shiga lakwal ɗin manya, makarantar yaƙi da jahilci, ina da furfura, sunan da na fara rubutawa ke nan bayan nawa, na ga alƙalami ba ruwansa da kunya.

Rijiyoyin ƙasarmu ba irin na kwarin Maraɗi ba ne da ake miƙa hannu a ɗebo. Namu in ka leƙa, ruwan kamar ƙwayar ido yake can ƙasa. Ba a jan guga da hannu. Wasaki ake zurawa, babban gugan fata, a ɗaura igiyar a jikin takarkari ko raƙumi, dabbar ta yi ta tafiya tana nisa har wasakin ya iso baki. Da bazara rijiya takan cika da laka da yashi, sai masu dabbobi su haɗu, Fulani da Buzaye da Hausawan tunga, su aiko a kira Lawali.

Yana da ƙa'ida guda da ba ya sake ta. Kafin kowa ya sauka, sai ya kunna aci-balbal, ya ɗaure ta a igiya, ya zura a hankali yana kwance rub da ciki yana kallonta. In ta isa ƙasa tana ci, a sauka. In harshen wutar ya ƙanƙance ya mutu, sai ya ce iskar ƙasa ta lalace. A saro rassan bedi, wato dogon yaro, masu ganye, a ɗaure su dami, a yi ta zurawa ana jawowa har iskar sama ta shiga ta kori ta ƙasa. Sa'an nan a sake zura fitila. Masu dabbobi sukan yi ta gunaguni, shanu na kuka, shi ko a jikinsa.

Ƙa'idar tana da asali. Yana da abokin aiki, Ɗan Tani, wanda wata bazara ya yi gaggawa ya sauka ba fitila. Ba abin da ya faɗo masa, bai kuma nutse ba. Ya dai zauna a gindin rijiya kamar mai hutawa, aka yi ta kira bai amsa ba. Lawali ne ya wanke gawarsa. Ya sha gaya mini cewa ba rauni ko ɗaya a jikinsa, sai dai cikin leɓensa da harshensa sun koma kamar tokar murhu.

A azumin da nake magana, aka kira shi wata rijiya arewa da mu, ta hanyar Badar Gula. Na ce ya bari sai bayan salla. Ya ce shanun mutane ba su san salla ba. Na ce to ya sha ruwa ranar da zai sauka, ya rama daga baya. Ya dube ni kamar na ce ya yi sata. Mutumin nan tun da ya balaga bai taɓa ajiye azumi ba, kuma abin alfaharinsa ne, ko da yake ba zai yarda alfahari ne ba.

Fitila ta ci, ya sauka. Ya cika wasaki da jiƙaƙƙiyar laka, ya girgiza igiya, aka kora takarkari. Dabbar ita ma yunwar take ji kamar mu, ƙashin bayanta kamar a rataya riga. Ta yi 'yan taku, gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta durƙushe ta yi baya. Wasakin bai yi nisa da kansa ba, ya dawo ya same shi a gefen hagu. Da ya yi sama sosai kafin ya dawo, da labarin ya ƙare a nan.

A amalanke aka kawo mini shi. Wansa, Yaya Idi, ya kira mai ɗori. Mai ɗori ya lalluba ya ce haƙarƙari ne suka karye, ya shafa man shanu, ya karɓi rawanin Yaya Idi ya naɗe masa ƙirji tamau, mutum biyu suna ja, yadda ake ɗaure karyayyar ƙafa. Haka muka gada, ƙashi in ya karye a ɗaure shi kada ya motsa. Ba wanda ya tuna cewa ƙirji aikinsa ke nan motsi. Lawali ya kwanta yana numfashi guntu-guntu kamar kaza a rana, kuma bai ajiye azumi ba. Washegari cikinsa ya kumbura ya yi tauri, tafin hannunsa ya yi fari. Ya tashi zai yi sallar azahar ya zube.

Ban tambayi kowa ba. Na goya ɗiyata, na je na tsaya a ƙofar likita har aka zo aka ɗauke shi. Suka duba suka ce jini ne ke zuba a cikinsa, nan ba su da abin yi, sai Maraɗi. Hanyar lokacin jar ƙasa ce mai gargada. Ambilans tana tsalle, shi yana nishi, Yaya Idi yana jan carbi, ni ina riƙe da kwalbar ƙarin ruwa sama da kaina har hannuna ya mutu.

A babban lopital, asibitin Maraɗi, abin da suka fara yi shi ne sa almakashi a rawanin Yaya Idi. Ya ce sabo ne. Ba wanda ya saurare shi. Aka shiga da Lawali, aka buɗe cikinsa, aka cire saifarsa da ta fashe. Da aka fito da shi bai san inda yake ba. Suka gangaro da wata tukunyar ƙarfe doguwa, ta kai tsayin mutum, suka tsayar a kan gadonsa. A wuyanta akwai 'yar kwalba da ruwa a ciki, daga kwalbar tiyo ya fito ya shiga hancinsa. Da aka murɗa, ruwan ya kama ɓulɓul kamar tukunya ta fara tafasa.

Yaya Idi ya ja ni gefe.

"Kin ga wanga abu? Duk wanda na ji an sa ma shi, ba ya komawa gida da ƙafarshi."

Na ce, "Yaya, da ƙafarshi ya zo?"

Ya koma jan carbinsa.

Mai kula da ɗakin wani dattijo ne da ake kira mazo, gajere mai sanƙo, Ba'adare, maganarsa a hankali kamar mai auna hatsi. Na tare shi na ce ya gaya mini gaskiya, mutuwa mijina yake yi ko kuwa. Ya ce ba mutuwa yake ba, amma yana bakin wahala. Ya ce a cikin iskar da muke shaƙa akwai wani kashi da jiki ke ci, jini ne ke ɗaukarsa daga huhu ya kai ko'ina. Mijinki jininsa ya zube da yawa, masu dakon sun ragu. Maganin barcin da aka ba shi bai gama sakinsa ba, yana sa numfashi ya yi kasala. Ga haƙarƙari a karye, ga ɗinki a ciki, in ya ja numfashi mai zurfi zafi zai tsayar da shi, sai ƙasan huhunsa ya lafe bai buɗe ba. Tun da kaɗan yake iya ja, sai mu sa kaɗan ɗin ya zama mai ƙarfi. Abin da ke cikin tukunyar nan zallar wancan kashin ne. Ɗinkin ma ba ya kamawa da kyau in babu shi. Sunan abin, oksijan, sai bayan shekaru na ji shi a lakwal ɗin manya. Ranar dai na gane abin da ya ce.

Washegari da hantsi Lawali ya farka sosai. Mazo ya ce kada a ba shi ruwa ko abinci tukuna saboda ɗinkin. Lawali ya ce ai dama azumi yake, kamar an yi masa kyauta. Ya dubi allurar ƙarin ruwa a hannunsa ya ce wannan ta jijiya ce, ba ta bi maƙogwaro ba, ya yarda. Sa'an nan ya ɗaga ido ya ga kwalbar tana ɓulɓul. Ya bi tiyon da ido daga kwalbar har hancinsa. Ya sa hannu ya zare shi, ya ajiye a kan ƙirji.

"Ruwa suke ba ni ta hanci," ya ce.

Kowane mai azumi ya san in yana alwala ba ya shaƙa ruwa da ƙarfi, kada ya wuce. Shi kuwa ga ruwa ƙuru-ƙuru ana hura masa tun jiya.

Mazo ya zo ya ce ruwan ba ya shiga, iskar ce kawai ke ratsawa ta cikinsa don kada ta busar da hanci. Lawali ya ce abin da ya ratsa ruwa ya ɗauko ruwa. Mazo bai yi gardama ba, ya kwance kwalbar, ya zubar da ruwan ta taga a gabansa, ya mayar masa da tiyon. Lawali ya ja sau biyu ya sake zarewa.

"Ina jin sanyinshi har maƙogwaro. Abin da ke sa mai azumi ya ji daɗi haka, ba banza ba ne. Ku bari a kira magariba, ku maido."

Lokacin ko azahar ba ta yi ba.

A gadon kusa akwai wani tsohon malami da mota ta karya wa cinya. Ya ɗago kai ya ce, "Bawan Allah, iska ba abinci ba ce. Kuma ko tuwo ne, marar lafiya irinka an ɗauke mishi."

Lawali ya ce, "Allah gafarta malam, kai daga nan ba ka ga kwalbar ba."

Yaya Idi ya gyara zama ya ce a ƙyale shi, mutum ya san abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, in ma ta Allah ce ta zo, gara ta same shi da azuminsa a baki. Ni na san ba azumin ne ya dame shi ba. Tiyon yake tsoro, ya samu wanda zai cire masa shi.

Rufin ɗakin kwano ne. Da rana ta take, zafi ya sauko kamar an kifa mana kasko. Ƙudaje ma suka daina tashi. Ɗiyata ta yi kuka har ta gaji ta yi barci, gumi ya manne ta a bayana. Ina zaune ina kallon ramin wuyan Lawali yana shiga yana fita da sauri. Ya fara magana ba kan gado, yana cewa a kora takarkari, a ja igiya. Mazo ya dawo ya mayar da tiyon, Lawali ya fizge. Ya sake mayarwa, ya sake fizgewa, har allurar hannunsa ta nemi fita. Mazo ya ce mini ƙarancin iskar ne ke sa mutum gardama da ruɗewa. Na ce gardamar tasa ce tun asali, iska dai ta ƙara mata. Ya ce ko ma ta wa ce, ba za ta kai shi magariba lafiya ba, kuma in aka ɗaure shi yana kokawa ɗinkin zai buɗe.

A bakin zanena akwai ɗan ƙulli, tandun kwalli da madubi ƙarami mai zagaye, wanda bayansa ya fara cin tsatsa. Na kwance. Yaya Idi yana zaune a bakin gado ta wajen kai. Na ce ya matsa. Ya ce mi za ki yi. Na sa kafaɗa na matsar da shi.

"Lawali," na ce.

Tsohon malamin ya kau da kai. Shi kansa mai sunan ya buɗe ido sosai, don tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa jin sunan daga bakina ba.

Na sa yatsa na jawo leɓensa na ƙasa, na kara masa madubin.

"Duba. Daga ciki."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ya fito da harshensa ya duba shi ma.

"Wa ka gani?"

Idonsa bai bar madubin ba.

"Na ce wa ka gani?"

"Ɗan Tani," ya ce.

"In fitila ta ƙanƙance, mi kake cewa masu shanu in sun ce a bari sai anjima a kaɗa rassa?"

Ya rufe ido. Na ɗauka ya tafi ne. Sai na ga hannunsa yana lalube a kan ƙirji. Ya samu tiyon, ya kai hanci, ya kasa saita shi, mazo ya gyara masa. Aka murɗa. Kafin la'asar ramin wuyansa ya rage gudu. Na sake jawo leɓen, tokar ta fara bajewa, ja yana dawowa daga gefe kamar garwashin da aka hura.

Da ya samu bakin magana, sai ya kira mazo.

"Likita, maido ruwan nan. Hancina ya bushe. Tun da azumin ya karye, ya karye."

Bai taɓa yarda cewa iskar ba ta karya azumi ba. Malamai nawa suka gaya masa daga baya, ya ce ya ji. Kwanakin da tiyo ya yi a hancinsa da waɗanda ya sha magani, duka ya haɗa ya rama da sanyi ya shigo. Aka rage iskar a hankali, aka cire ta da rana, daga baya aka gangara da tukunyar zuwa gadon wani. Mazo ya sa shi ya riƙa rungume matashi a ciki yana tari, yana jan numfashi har ƙasa ko da zafi. Yana yi yana tsine wa takarkarin, sa'an nan ya ce Allah ya yafe masa, dabbar ma yunwa ce.

A lopital muka yi salla. Ranar da muka kamo hanyar gida a bayan kamiyo, babbar motar kaya, hadari ya haɗu ta gabas. Muna wuce Sabon Maci aka sako ruwan farko, manyan ɗigo masu ɗumi, ƙasa ta tashi da ƙanshin nan da ke sa mutum ya ji yunwa da murna tare. Kowa ya ja buhu ya rufe kai. Lawali ya bar fuskarsa a buɗe. Bai ƙara sauka rijiya ba. Ya koma mai zura fitila daga sama, matasa suna sauka. Yaya Idi bai yi mini magana ba sai da babbar salla, kuma har ya rasu yana cewa na yi rashin kunya a gaban mutane, rawaninsa ma ba a biya shi ba.

Yanzu a Dakoro ake aikin, ba sai an bi jar hanya ba. Tukunyar ƙarfe ta koma akwatin da ke tace iskar ɗaki da kansa in akwai kuran, wato wutar lantarki. A yatsan Balki sun maƙala wani abu kamar bakin kunama mai jar wuta, wai shi ke faɗin yawan iskar da ke jininta. Na ga lambar, na iya karanta ta. Duk da haka da ma'aikaciyar ta juya baya na jawo leɓen yarinyar na duba.

Na fito waje. Maza suna zaune a inuwar bedi don ba a barinsu ɗakin masu haihuwa. Lawali yana can ƙarshen benci da sandarsa tsakanin gwiwoyi, idonsa ya yi hazo, bakinsa ya bushe da azumi. Ya gane takuna.

"An ce sun sa mata tiyo."

"Sun sa."

"Kin duba leɓen?"

"Na duba."

"Daga ciki?"

"Daga ciki. Ja ne."

Ya gyaɗa kai. "To ki ce wa Indo ta yi shiru, ta tahi ta dama kunu." Na juya zan koma, ya ce, "Akwai ruwa a kwalbar?"

"Akwai. Yana ta ɓulɓul."

"Za ta rama ke nan."

Na ce, "Mai jego ce, malam. Dama ramawa za ta yi."

Ya juya sandar a ƙasa.

"Ita ta huta da gardama," ya ce.